Ɗakunan Jiragen Ruwa na Shaƙatawa: Bambancinsu, Kayan Cikinsu da Tukwicin Ma'aikata

Jirgin ruwa na shaƙatawa shi ne irin babban jirgin nan da mutane ke shiga su yi kwanaki a kan teku, yana yada zango da su a tashoshin ƙasashe da tsibirai daban-daban, a ƙarshe kuma, a mafi yawan lokaci, ya mayar da su tashar da ya ɗauko su. A cikinsa fasinja yake kwana, a ciki yake cin abinci, a ciki kuma yake ninkaya da kallon wasanni, don haka kuɗin da ya biya ya haɗa na tafiya da na masauki da na abinci wuri guda. Girman waɗannan jirage ya kai inda Icon of the Seas na kamfanin Royal Caribbean, wanda ya fara aiki daga birnin Miami na Amurka a watan Janairun 2024, yake da tsawon mita 365 da hawa 20 da ɗakunan fasinja fiye da 2,800, yana kuma iya ɗaukar fasinja 7,600 ban da ma'aikata kimanin 2,350. Duk waɗannan mutane teku ɗaya suke ratsawa, garuruwa ɗaya suke sauka, amma abin da wani ya biya yana iya ninka na wani sau goma ko fiye, kuma ɗakin kwana ne asalin wannan tazara. Abubuwa uku ake sayar wa fasinja idan ya zaɓi ɗaki mai tsada, wato haske da iska, da fili, da hidima, sannan a bayan farashin da aka tallata akwai wani kuɗin da ake ƙarawa kullum da sunan tukwicin ma'aikata, wanda duk mai lissafin kirki zai ɗauke shi a matsayin ɓangare na kuɗin ɗakin tun daga farko.

Daga ajin fasinja zuwa ajin ɗaki

A zamanin da jirgin ruwa ne kaɗai hanyar ƙetare Tekun Atlantika, mutane ake rarrabawa aji-aji, kowane aji da ɗakin cin abincinsa da filin shan iskarsa, kamar yadda aka yi a jirgin Titanic da ya nutse a 1912, inda aka raba fasinja aji na ɗaya da na biyu da na uku. Da jiragen sama masu injin jet suka fara jigila tsakanin Amurka da Turai a 1958, sai kasuwar ƙetare teku ta durƙushe, domin tafiyar kwana biyar ko shida ta koma ta sa'o'i. Kamfanonin da suka taso a Miami bayan haka, wato Norwegian a 1966 da Royal Caribbean a 1968 da Carnival a 1972, sun mayar da jirgin ruwa wurin hutu, suka buɗe wa kowa gidan abinci ɗaya da wurin ninkaya ɗaya, suka bar bambancin kuɗi ya taƙaita ga ɗakin kwana. A 1984 kamfanin Princess ya fito da jirgin Royal Princess wanda kowane ɗakin fasinja a cikinsa yana kallon teku, da yawa kuma suna da baranda, kuma tun daga lokacin masu ƙera jirage suka dinga ƙara yawan baranda, saboda sun gane cewa ita ce abin da mutane suka fi yarda su ƙara kuɗi a kansa.

Kafin a shiga nau'o'in ɗakunan, ya kamata a fahimci yadda ake sa farashi. Kuɗin da ake gani a talla na mutum ɗaya ne, bisa sharaɗin cewa mutum biyu za su kwana a ɗakin, saboda haka kuɗin ɗaki na gaskiya ninki biyu ne na abin da aka rubuta. Wanda zai kwana shi kaɗai yakan biya ƙarin da ke iya kaiwa cikakken kuɗin mutum na biyu, mutum na uku da na huɗu a ɗaki ɗaya kuwa akan yi musu ragi, domin gadajensu na wucin gadi ne. Wannan ne ya sa kamfanin Norwegian ya shigo da ƙananan ɗakuna na mutum ɗaya a jirginsa Norwegian Epic a 2010, masu faɗin murabba'in mita 9 ko kusa da haka, aka kuma haɗa musu da falon da masu irin ɗakunan kaɗai ke shiga.

Nau'o'in ɗakuna huɗu

Mafi araha shi ne ɗakin ciki, wato wanda ke tsakiyar jirgi, ba shi da taga ko kaɗan, faɗinsa kuma yakan kasance tsakanin murabba'in mita 13 zuwa 17. Idan aka kashe fitila a irin wannan ɗaki duhu ne ƙirin, babu abin da ke bambanta tsakar dare da hantsi, har ta kai wasu fasinjoji kan bar talabijin a kunne a tashar da ke nuna hoton kyamarar goshin jirgi, domin hasken allon ya sanar da su gari ya waye. Masu son barci mai nauyi suna yaba wannan duhu, wanda kuma ƙunci ke damunsa yakan sha wahala. Wasu kamfanoni sun nemi maganin abin da fasaha: Disney ya sa allo mai siffar zagayayyar taga a ɗakunan ciki na jirgin Disney Dream a 2011, Royal Caribbean kuma ya shigo a 2014 da dogon allo daga ƙasa zuwa kusan rufi, wanda ke nuna teku kai tsaye kamar mutum na tsaye a baranda.

Na biyu shi ne ɗaki mai taga, wanda girmansa bai fi na ɗakin ciki da yawa ba, sai dai hasken rana na shigarsa. Tagar tana iya zama mai kusurwa huɗu ko zagayayya, kuma a rufe take ruf, ba a buɗe ta, saboda yawancin irin waɗannan ɗakuna suna hawa na ƙasa ne kusa da ruwa, inda raƙuman teku ke iya dukan gilashin. Abin da fasinja ya saya a nan haske ne da kallo, iskar da yake shaƙa kuwa ta na'urar sanyaya ɗaki ce, daidai da maƙwabcinsa na ɗakin ciki.

Na uku shi ne ɗaki mai baranda, wanda a sababbin manyan jirage shi ne ya fi yawa. Yana da ƙofar gilashi da ke fita zuwa ɗan fili mai kimanin murabba'in mita 4 ko 5, wanda ke ɗaukar kujeru biyu da ƙaramin tebur, da shinge mai tsayi tsakaninsa da teku da kuma allon da ya raba shi da barandar maƙwabci. Allon yana tsare ido amma ba ya tsare murya, don haka hirar da aka yi a baranda ta zama ta jama'a. A jirage da yawa na'urar sanyaya ɗaki tana tsayawa da kanta da zarar an bar ƙofar barandar a buɗe, idan kuma aka buɗe ta tare da ƙofar shiga ɗaki a lokaci ɗaya, iska na iya ratsawa da ƙarfin da zai buga ƙofa a yatsun mutum. Ba kowace baranda ce ke kallon teku ba, domin tun daga jirgin Oasis of the Seas na 2009, wanda aka tsaga tsakiyarsa aka yi lambu da filin wasa, akwai barandun da ke fuskantar cikin jirgi, suna kallon barandun da ke ɗaya gefen. Yawancin kamfanoni sun hana shan taba a baranda, kuma tsaurin dokokin wannan wuri ya ƙaru bayan gobarar da ta tashi a jirgin Star Princess kusa da Jamaika a watan Maris na 2006, wadda ta ci ran mutum ɗaya ta kuma lalata ɗakuna masu yawa, bincike kuma ya fi zargin guntun sigari da aka yar a baranda.

Na huɗu shi ne babban masauki, wanda a asalinsa ciki da falo ne, wato wurin kwana daban, wurin zama daban. A nan ne tazarar ta fi faɗi, domin akwai abin da kamfanoni ke kira ƙaramin masauki wanda a zahiri ɗaki mai baranda ne da aka ɗan faɗaɗa aka sa masa doguwar kujera da bahon wanka, akwai kuma masu hawa biyu da ɗakunan kwana da yawa da teburin cin abinci, har zuwa irin masaukin da ke jirgin Seven Seas Explorer na 2016, wanda faɗinsa ya haura murabba'in mita 300. Abin da ya fi fili daraja a wannan mataki shi ne hidima: shiga jirgi da fita ba tare da bin layi ba, hadimi na musamman da ke kawo abinci ɗaki ya kuma shirya kaya, jami'in da ke tanadar wa mutum wuri a gidajen abinci da wuraren wasa, wani lokaci har da wanki da intanet. Manyan kamfanoni sun tattara waɗannan masaukai a wani ɓangare da ake shiga da kati, mai gidan abincinsa da wurin ninkayarsa, kamar Yacht Club na kamfanin MSC da The Haven na Norwegian. Kamfanin Cunard, mai jirgin Queen Mary 2 da ke zirga-zirga tsakanin Southampton da New York tun 2004, har yanzu yana ɗaure gidan abincin fasinja da nau'in ɗakinsa, masu ɗakunan gama-gari su ci a Britannia, masu manyan masaukai su ci a Princess Grill ko Queens Grill. Da haka tsarin aji-aji da aka rushe a baya ya sake dawowa ta wata ƙofa, iya kuɗinka iya shagalinka.

Abin da ke cikin kowane ɗaki

Ban da manyan masaukai, kayan da ke cikin ɗakunan kusan iri ɗaya ne, kuma dalilin haka yana cikin yadda ake ƙera su. A masana'anta ake haɗa kowane ɗaki gaba ɗaya, da bangonsa da banɗakinsa da wayoyin lantarkinsa, sannan a ɗauko shi a tura cikin gangar jikin jirgin a jere da 'yan'uwansa. Bangon na ƙarfe ne da aka lulluɓe, shi ya sa maganaɗisu ke kama shi, fasinjojin da suka saba kuma kan zo da maratayai masu maganaɗisu domin rataye hula da jaka. Gadon ƙananan gadaje biyu ne da ake haɗawa su zama ɗaya ko a raba su bisa buƙata, ƙarƙashinsu kuma an bar shi fayau domin a tura akwatunan tafiya. A ɗakin mutum uku ko huɗu, ƙarin gadon yana ɓoye a cikin rufi ko bango, mai kula da ɗaki ya sauko da shi da yamma ya kafa masa tsani, da safe ya mayar. Akwai kabad ɗin kaya, da ƙaramin akwatin ƙarfe na ajiyar kuɗi da fasfo, da ƙaramin firiji, da talabijin, da waya, da tebur mai madubi.

Banɗakin ƙarami ne ƙwarai, da shawa wadda mutum ɗaya ke tsayawa a ciki da ƙyar ya juya, da masai mai aiki da zuƙar iska maimakon kwararar ruwa mai yawa, wanda ke yin ƙara mai firgitarwa idan aka danna shi, kuma jefa wani abu a cikinsa ban da takardar da aka tanada yana iya toshe bututun ɗakuna da dama. An hana shigo da dutsen guga da kyandir da duk abin da ke yin zafi ko wuta, saboda babu abin da ma'aikatan jirgi ke tsoro kamar gobara. A bayan ƙofar kowane ɗaki akwai taswirar da ke nuna wurin da mai ɗakin zai taru da sauran jama'a idan haɗari ya auku, kuma bayan kifewar jirgin Costa Concordia a gaɓar Italiya a Janairun 2012, inda mutum 32 suka rasu, an tsaurara doka cewa a yi wa fasinja bitar matakan tsira kafin jirgi ya tashi ko da zarar ya tashi.

Abincin babban gidan abinci da na wurin ɗiba da kanka yana cikin kuɗin kowane ɗaki, haka ma yawancin wasanni da wurin motsa jiki, amma lemon kwalba da intanet da wanki da gidajen abinci na musamman da yawon gari a tashoshi, duk a yawancin kamfanoni kuɗinsu daban ne. Musulmin fasinja yana da ƙarin abin dubawa, domin filin da ke tsakanin gado da bango a ɗakin ciki da ƙyar yake ɗaukar darduma, alƙibla tana sauyawa duk lokacin da jirgi ya karkata, abincin halal kuma a yawancin jirage sai an nema tun kafin ranar tafiya. Irin waɗannan buƙatu ne kamfanin AROYA na Saudiyya, wanda ya fara tashi daga Jidda zuwa tashoshin Bahar Maliya a Disambar 2024, ya gina kasuwarsa a kansu, da abincin halal da wuraren salla, ba kuma a sayar da giya.

Wurin da ɗaki yake

Ɗakuna biyu masu nau'i ɗaya da girma ɗaya suna iya bambanta a farashi saboda wurin da suke kawai. Jirgi a kan raƙuman ruwa yana yin sama da ƙasa ta goshi da ta baya, yana kuma tangaɗi dama da hagu, kuma inda motsin ya fi sauƙi shi ne tsakiyar jirgi a hawa na ƙasa, saboda haka mai saurin jiri da tashin zuciya can ya kamata ya nema. Goshin jirgi ya fi ko'ina girgiza, ana kuma jin ƙarar sarƙar anga da injinan juya jirgi da asuba idan za a shiga tasha, bayan jirgi kuwa yana da manyan barandu masu kallon sawun da jirgi ya bari a ruwa, amma akan ji kaɗawar injin. Ɗakin da ke ƙarƙashin wurin ninkaya yana shan ƙarar jan kujeru tun da sassafe, wanda ke saman dandalin kiɗa kuma ba ya samun shiru sai dare ya raba, shi ya sa masu ƙwarewa ke duba taswirar jirgi su zaɓi ɗakin da ɗakunan kwana ne a samansa da ƙasansa.

Akwai ɗakunan da kwale-kwalen ceto ya tare musu kallo, waɗanda ake sayarwa da ragi tare da faɗin haka a fili. Akwai kuma tsarin da fasinja ke biyan kuɗin nau'in ɗaki ba tare da zaɓen lamba ba, kamfani ya ba shi duk wanda ya rage a nau'in ko wanda ya fi shi, wanda hanya ce ta samun rangwame ga wanda bai damu da inda za a ajiye shi ba. Iyalai masu yara sukan nemi ɗakuna biyu masu ƙofa a tsakani, masu keken guragu kuma an tanadar musu ɗakuna masu faɗin ƙofa da banɗaki marar tudu, waɗanda ba su da yawa, don haka suke saurin ƙarewa.

Tukwicin ma'aikata

A da, fasinja kan sa kuɗi a ambulan a daren ƙarshe ya miƙa wa mai kula da ɗakinsa da masu kawo masa abinci hannu da hannu. Yanzu manyan kamfanonin da ke aiki daga Amurka sun mayar da abin kuɗin hidima na kullum, wanda ake rubutawa kai tsaye a asusun ɗaki, ko a biya shi gaba ɗaya tun lokacin sayen tikiti. A shekarun nan adadin yana tsakanin dala 16 zuwa 20 a kan kowane mutum a kowace rana ga masu ɗakunan gama-gari, masu manyan masaukai kuma suna biyan tsakanin dala 18 zuwa 25. Da kai ake lissafi, yara ma suna ciki in ban da ƙanana ƙwarai, kuma mai ɗakin ciki da mai baranda kuɗi ɗaya suke biya. Idan aka ɗauki dala 18 a matsayin misali, miji da mata da yara biyu a tafiyar kwana 7 za su biya dala 504, wanda ga iyalin da suka zaɓi ɗaki mafi araha kaso ne mai nauyi a kan abin da suka yi tsammani. Ban da wannan, ana ƙara kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari a kan kuɗin abin sha da na gyaran jiki, kuma takardar da ake kawowa a sa hannu takan bar gurbin ƙarin tukwici, wanda mai gaggawa zai iya cikewa ya biya sau biyu bai sani ba.

Kamfanonin sun ce ana raba kuɗin tsakanin masu kula da ɗakuna da ma'aikatan gidajen abinci da waɗanda fasinja ba ya gani, irin su masu wanki da masu wanke-wanke. Yawancin waɗannan ma'aikata 'yan ƙasashen Filifin da Indunusiya da Indiya ne, suna yin kwantiragin wata shida zuwa tara suna aiki kullum babu ranar hutu, a jiragen da aka yi wa rajista a ƙasashe irin su Bahamas da Panama da Malta, abin da ya sa dokar mafi ƙarancin albashi ta Amurka ba ta hau kansu ba. Yarjejeniyar ƙwadagon ma'aikatan teku ta 2006, wadda ta fara aiki a 2013, ta wajabta musu hutun aƙalla awa 10 a cikin kowace awa 24, da awa 77 a mako, wanda ke nuna tsawon aikin da doka ta halatta. A irin wannan tsari tukwicin babban ɓangare ne na abin da ma'aikaci ke aika wa gida, kamfani kuma yana amfana da ware shi daga farashi domin tallarsa ta yi araha a ido. Jirage da yawa suna barin fasinja ya je teburin kula da baƙi ya rage kuɗin ko ya cire shi, sai dai wanda ya yi haka domin nuna fushi da tsarin, ma'aikacin da ke gyara masa gado ne yake ɗanɗana hukuncin.

Ba ko'ina ake bin wannan hanya ba. Kamfanonin alfarma irin su Regent Seven Seas da Silversea da Seabourn sun haɗa tukwici cikin farashi, haka ma AIDA da TUI Cruises na Jamus, kamfanin P&O Cruises na Ingila kuma ya soke kuɗin hidima na kullum a 2019, domin abokan cinikinsa ba su saba da al'adar Amurka ta ware tukwici ba. Akwai kuma mutanen da kuɗin kullum bai shafe su ba, wato 'yan dakon da ke karɓar akwatuna a tasha da masu yi wa fasinja jagora a yawon gari, a wasu kamfanoni har da hadimin babban masauki, waɗanda duk tsabar kuɗi ake ba su a hannu gwargwadon hali.

Yadda ake auna zaɓi

Zaɓin ɗaki ya danganta da irin tafiyar fiye da komai. A zagayen Bahar Rum, inda jirgi ke tsayawa a sabuwar tasha kusan kullum, fasinja ya fita da safe ya dawo da yamma a gajiye, ɗakin ciki yana wadatarwa, rarar kuɗin kuma ta tafi ga yawon gari. A tafiyar gaɓar Alaska ko mashigan ruwa na Norway, inda duwatsu da ƙanƙara ke wucewa ta gefen jirgi tsawon yini, ko a ƙetare teku mai kwanaki babu tasha, baranda tana biyan kuɗinta. Ko wanne aka zaɓa, kwatanta farashin kamfanoni biyu ba ya inganta sai an ninka kuɗin talla da yawan mutane, an ƙara harajin tashoshi, an ƙara tukwicin kowace rana, an kuma ƙara abin sha da intanet idan ana buƙata, domin sau da yawa tikitin da ya fi tsada a talla, amma ya haɗa waɗannan duka, shi ne yake fitowa mafi sauƙi idan aka kammala lissafi.